Yadda za ki kai ɗan tatata hutun kwana biyu a bakin tekun Legas

Sau biyar ina kai ƙaramin yaro bakin teku a Legas, da 'ya'yana uku, kowanne a lokacin yana tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Zuwan farko wahala kawai muka saya da kuɗinmu. Mun tashi daga Kano a jirgin yamma, muka afka cunkoson unguwar Ajah, ba mu ga ƙofar otal ba sai bayan isha'i, yaro ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Gari na wayewa na saɓe shi da ɗokina zuwa gaban ruwa. Yana jin rugugin igiya ya cusa kai cikin hijabina, ya naɗe ƙafafu a ƙuguna, ya ƙi yarda ko tafin ƙafarsa ya taɓa yashi. Tun daga ranar na daina tsara tafiyar a kan abin da nake son gani, nake tsara ta a kan barcin yaro da cikinsa. Abin da zan gaya miki ke nan a nan, daki-daki.

Kayan da za ki haɗa

Jaka biyu: babba da za a auna, da ƙarama da ba ta barin kafaɗarki.

A ƙaramar ki sa famfas biyar ko shida, tsumman goge jiki, kayan canji ɗaya na yaro da riga ɗaya taki, kofinsa mai murfi, biskit ko ayaba, takardar haihuwarsa, da majanyi. Kada ki bar majanyi a gida don kin sayi keken tura yaro. Taya ba ta tafiya a yashi, goyo kuwa ko'ina yana shiga.

A babbar:

- Kayan sawa marasa nauyi na auduga, kala uku ga kowace rana. Za ki ce sun yi yawa. A Kano ki shanya riga kafin ki gama tuwo ta bushe, a bakin teku kuwa iska jiƙe take, abin da kika wanke da daddare da safe za ki tarar da shi da danshi.
- Riga mai dogon hannu mara kauri, da hula mai faɗin baki mai igiya a haɓa, da takalmin roba mai kama dunduniya.
- Man kariya daga rana na yara, mai lamba 30 ko sama da haka. Baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman ta yaro.
- Gidan sauro mai magani, da igiya doguwa, don ba kowane ɗakin otal ke da ƙusar rataya ba.
- Garin kunu ko abincin gwangwanin da ya saba, madararsa, filas, cokali da kwanonsa, da ɗan soso da sabulun wanke su.
- Magani: parasitamol na ruwa da cokalin awonsa, ma'aunin zafin jiki, ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, ƙwayar zinc, filasta, man kaɗanya.
- Tabarma ko tsohon zanin gado, buta, darduma, ledoji na zuba jiƙaƙƙun kaya, da salatif mai faɗi.
- Ƙaramin baho na roba. Wannan shi ne sirrin tafiyar duka, zan zo kansa. In bai shiga jaka ba, a sayi ɗaya a kasuwar bakin hanya a Ajah ko Sangotedo, ranar dawowa a bar wa masu shara.

Kayan wasa kada ki ɗebo. Kofi biyu na roba da ludayi sun fi duk wata motar batir aiki a yashi. Sai dai abin da yake barci da shi, bargo ne ko 'yartsana, wannan kam ko fasfo bai kai shi muhimmanci ba.

1. Zaɓi lokaci

Damina a Legas tana kankama daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. A watannin ruwa teku ya fi haushi, hanya ta fi lalacewa, sauro ya fi yawa. Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin zuwa. A ciki ma ki tsallake rabin ƙarshe na Disamba, lokacin da 'yan ƙasar waje ke dawowa gida shagali, kuɗin jirgi da na ɗaki su yi tashin gwauron zabi. Ni na fi son ƙarshen Janairu ko Fabrairu, kuma ranakun aiki, Talata zuwa Alhamis. Asabar da Lahadi na matasa ne da manyan lasifikoki.

Kwana biyu ya isa. Kwana ɗaya duk a hanya zai ƙare, a na huɗu kuwa yaro ya fara neman gida.

2. Zaɓi yanki, sannan otal

Wanda ya san Legas ta da zai ce miki Bar Beach. Babu ita yanzu, an cike wurin ana gina sabon birnin Eko Atlantic. A 2024 kuma aikin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba ya cinye wasu wuraren shaƙatawa a Oniru, har da rairayin Landmark. Don haka hotunan da ke intanet kada su ruɗe ki, sau da yawa kallon kitse ake wa rogo. Ki nemi a turo miki bidiyon ɗakin da na bakin ruwan ta WhatsApp, wanda aka ɗauka a makon nan.

Zaɓi uku ne a gabanki. Na cikin gari, wajen Victoria Island da Lekki, kusa da asibiti da kantuna, amma da hayaniya, kuma rairayi irin Elegushi an fi saninsu da kiɗa da taron matasa. Na biyu Ibeju-Lekki, wajen Eleko da Akodo, inda ya fi shiru da fili, sai dai akwai nisa, ga manyan motoci masu zuwa matatar Dangote a hanya. Na uku wuraren da sai da kwalekwale, irin Tarkwa Bay da Ilashe. Ruwan Tarkwa Bay ya fi kwanciya saboda katangar duwatsun mashigar jiragen ruwa ta tare masa igiya, amma ni ban yarda in kwana da ɗan shekara biyu a inda in zazzaɓi ya tashi ƙarfe biyun dare sai an nemo mai jirgi ba. A zuwan farko ki ɗauki na cikin gari ko farkon Ibeju-Lekki.

Kafin ki tura ko sisi, ki kira su da baki ki yi waɗannan tambayoyi. Janareta yana kwana a kunne, ko ana kashe shi da tsakar dare? Akwai ɗaki a ƙasa, nesa da wurin kiɗa da mashaya? Wurin ninƙaya yana da shinge da ƙofa? Akwai firij da butar lantarki a ɗaki? Suna barin a shigo da abincin yaro daga waje? Asibiti mafi kusa minti nawa ne a mota? In mai amsa waya ta fara inda-inda a kan ta farko ko ta ƙarshe, ki nemi wani wurin. Mun taɓa sauka wani otal da aka ce mana wuta ba ta ɗaukewa, ƙarfe ɗayan dare esi ya yi shiru, na kwana ina yi wa yarinya fifita da murfin kwali.

Ɗakin bene mai baranda yana da kyau a hoto. In ƙarafan barandar kan yaro zai iya shiga tsakaninsu, ko akwai kujerar da zai taka, ki ce a sauya miki. In babu wani, ƙofar barandar ta zauna a kulle, makullin a jakarki.

3. Hanya

Jirgin safe, na farko in da hali. Daga Kano tafiyar wajen awa ɗaya da rabi ce, daga Abuja kamar awa ɗaya, amma wannan ba ita ce tafiyar ba. Tafiyar tana farawa ne daga filin jirgi na Ikeja, a haye gadar Third Mainland, a bi titin Lekki zuwa Epe. Mun taɓa isa Eleko cikin awa biyu, mun kuma taɓa yin huɗu. Ki yi lissafi yadda za ku wuce Ajah kafin la'asar, kafin ma'aikata su taso.

Yaron da bai cika shekara biyu ba a cinya yake zama, kuɗinsa kaɗan ne. Da ya cika biyu sai an saya masa kujera, shi ya sa takardar haihuwa take cikin ƙaramar jaka. Lokacin da jirgi ya fara sauka ki ba shi nono ko kofinsa ya riƙa tsotsa, haɗiya ce ke buɗe masa kunne. Kuskuren da muke yi shi ne mu ba shi tun jirgi na kan titi, kafin lokacin buƙata ya ƙoshi ya ture.

Mota kuma ki shirya ta tun daga gida, ko ta otal ko ta wani amintacce, mai esi. Motocin haya ba su da kujerar yara. In kina da taki ki tambayi kamfanin jirgi ki taho da ita. In babu, ku zauna a baya, ki ɗaura bel a jikinki ke kaɗai ki riƙe shi, kada ki haɗa ku biyu cikin bel ɗaya, kuma ki sa a kulle ƙofofi ta yadda ba zai iya buɗewa daga ciki ba. Ki riƙe tsabar kuɗi kaɗan, don wasu ƙauyukan bakin ruwa suna karɓar kuɗin shiga, sabis kuma yakan ɗauke a daidai lokacin da ake son tura kuɗi.

4. Minti goma na farko a ɗaki

Yawancin otal ƙarfe biyun rana suke ba da ɗaki. In kun riga lokaci, ki roƙa tun a waya a ba ku da wuri.

Kuna shiga, Abbansu ya riƙe yaro, ke ki durƙusa ki zaga ɗakin da rarrafe. Ba wasa nake ba. Daga nan ƙasa ne za ki ga abin da shi yake gani: soket a buɗe, wayar fitila, ƙwayar maganin da wani baƙo ya yar a ƙarƙashin gado, maganin kyankyaso a lungu. Ki manne soket da salatif, ki ɗaga kofunan gilashi da butar lantarki sama, ki juye bokitin banɗaki ki rufe ƙofar. Gado kuma a tura shi jikin bango. In babu gadon yara, ki nemi ƙarin katifa a shimfiɗa a ƙasa, ta fi gadon aro mai girgiɗi. Ki ɗaura gidan sauro tun da rana, kada ki bari sai yana gyangyaɗi ki fara neman inda za ki maƙala igiya.

Ranar isowa ba ranar teku ba ce. Wanka, abinci, barci. In da sauran haske bayan la'asar, ku fita da shi a goye ya hango ruwa daga nesa, shi ke nan.

5. Haɗa yaro da teku

Nan ne nake so ki nutsu. Mu mutanen tudu abin da muka sani kogi ne da dam da kududdufi, ruwan da ke zaune ko yake tafiya gefe guda. Tekun Atlantika a gaɓar Legas ba haka yake ba. Gaɓar tana da gangara, igiya tana fashewa dab da bakin yashi, in za ta koma kuma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarki. Babba ma yana tangaɗi, balle mai kilo goma sha biyu. Akwai kuma wuraren da ruwan da ya taru a baki yake samun hanya ya koma ciki da gudu, kuma abin takaici wurin ne ya fi kama da kwantacce a ido. Igiyoyi ba girmansu ɗaya ba: tara za su tsaya a idon sawu, ta goma ta zo har gwiwa. Ruwan kansa yana cika yana janyewa sau biyu a yini, inda kika shimfiɗa tabarma da safe a bushe, kafin azahar yana iya zama cikin ruwa.

Saboda haka yaro ba ya shiga teku. Ba ya tsayawa da ƙafarsa inda igiya ke kaiwa, ko da kina riƙe da hannunsa, don jiƙaƙƙen hannu santsi gare shi. In ana so ya taɓa, babba ya ɗauke shi a ƙirji, ya tsaya inda kumfa ke ƙarewa, fuska na kallon ruwa, ya sunkuya ya jiƙa masa ƙafa. Kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto.

To me ya kawo mu ke nan? Bahon nan. Ki duba inda jiƙaƙƙen yashi ya ƙare, inda tarkace da ciyayi suka yi layi, ki ƙara taku ashirin sama da nan, ki kafa zango a inuwar rumfa ko lema. Kada ki zauna ƙarƙashin bishiyar kwakwa mai 'ya'ya. Ki share wurin da takalmi saboda fasassun kwalabe da murafan lemo da kashin doki. Abbansu ya ɗebo ruwa a bokiti a zuba a baho, zurfin yatsu huɗu, a miƙa wa yaro kofi da ludayi. Ɗan nan nawa da ya ƙi taka yashi, a bahon nan ya yi awa guda yana ɗura ruwa a rami yana mamakin inda yake tafiya. A rana ta biyu shi da kansa ya sauko daga tabarma, ya bi wata 'yar ƙaguwa har bakin raminta, ya tsuguna yana ce mata ta fito.

In ya ji tsoro kada a tilasta shi, kada kuma a yi masa dariya. Kuskuren iyaye maza ke nan, a ɗauki yaro yana ihu a nufi ruwa da shi wai don ya saba. Ba ya sabawa, sai ma ya ƙi wanka in an koma gida.

Ruwan baho ma ruwa ne. Yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, kuma nutsewa ba ta da ƙara, ba ihu ba fantsama. Ki zauna inda hannunki zai kai gare shi, in an gama a kifar. Haka a wurin ninƙaya na otal: babba yana cikin ruwan tare da shi. Balan-balan ɗin da ake hurawa a zura a damtse abin wasa ne, ba ya hana nutsewa. In kuma za ku hau kwalekwale, sai da rigar hana nutsewa daidai jikinsa, mai ɗamara ta tsakanin cinyoyi, ba ta manya da zai zame ta ƙasa ba.

Mu a gidanmu da baki ake miƙa yaro. "Abban yara, ga shi a hannunka." Sai ya amsa, "Na karɓa." Wanda ya karɓa ba ya taɓa waya. Yawancin tsautsayi yana zuwa ne lokacin da manya suka yi yawa, kowa na zaton wani ne ke kallo. Salla ma bi da bi muke yi, ba ma tayarwa tare in muna waje. Alƙibla daga Legas gabas ce maso arewa, in kin tsaya daidai teku zai kasance ta hannun damanki.

Masu doki za su zo, da yawansu 'yan Arewa ne, za ki ji ana "Hajiya, a ɗora shi mana, lafiyayye ne." Ku gaisa, ki bar shi ya kalla daga hannunki. Ɗan shekara biyu ba shi da abin riƙe sirdi.

6. Yadda yini ke tafiya

Fita biyu ce. Ta safe daga bakwai zuwa goma, ta yamma daga huɗu zuwa kafin magariba. Tsakanin nan rana ta fi ƙarfinsa, yashi kuma yana zafin da zai tayar masa da bororo a tafin ƙafa. Ki gwada da bayan hannunki kafin ki sauke shi. Man rana a shafa kafin a fita, har kunnuwa da bayan wuya da saman ƙafa, a sake bayan awa biyu ko bayan ya jiƙe. In ba ki samu man ba, riga mai dogon hannu da hula da inuwa sun wadatar, a rage zaman. Ruwan sha kuma kada ki jira ya nema, iskar teku tana ɓoye ƙishi.

Barcin rana a kan lokacinsa na gida, a ɗaki, labule a sake. Wanda ya ce a bari yau ɗaya ai hutu aka zo, shi za ki miƙa wa yaron in ya fara birgima a wurin cin abinci da daddare. Lokacin barcin nan ne naku hutun. Ɗaya ya zauna, ɗaya ya je ya sha iska.

Kuna dawowa daga yashi a wanke shi da ruwan daɗi, a bi matsematsi, wuya da hammata da cinyoyi, a tsane sosai. Gishiri da yashi da famfas in suka haɗu, kafin dare wurin ya yi ja. Man kaɗanya kaɗan, a bar shi ya sha iska ba famfas na ɗan lokaci. Yashin da ya manne a ƙafa kuwa, a bari ya bushe a barbaɗa hoda, zai zube da kansa. In ya shiga ido kada a murza, a kwarara ruwan gora. Zai ci yashi, wannan babu makawa, loma ɗaya ba ta komai. Ɓawon katantanwa da ƙananan duwatsu su ne abin tsoro saboda shaƙewa.

7. Abinci

Girkin Legas da yaji yake, ko an ce miki babu barkono akwai. Ki yi oda dalla-dalla: farar shinkafa, miya a gefe, dafaffen ƙwai, dafaffiyar doya, soyayyar ayaba, burodi. Kifi ki bi shi da yatsa sau biyu saboda ƙaya. Nama kuma ki tambaya na mene ne da inda aka samo, in zuciyarki ba ta kwanta ba ki tsaya a kifi da ƙwai. Kicin ɗin otal yana iya ɗaukar awa guda, don haka ki yi oda kafin yunwa ta kama shi, ki dama kunu ki zuba a filas tun safe ya zama madogara. Ruwan gora kawai, har na wanke baki. Ban da ƙanƙara, ban da kayan marmarin da aka yanka aka ajiye, ki sayi naki ki ɓare da hannunki.

8. Dare, da in jiki ya motsa

Kafin magariba ku shige, ko a sa masa dogon wando da riga mai hannu. In za a fesa maganin sauro a ɗaki, a fesa kuna waje, a buɗe taga kafin ku dawo. Esi kada ya yi sanyi da yawa, kada kuma ya hura kansa kai tsaye.

Gudawa in ta zo, ki haɗa gishiri da sukarin nan da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ƙunshin, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, da zinc sau ɗaya a rana har kwana goma, nono da abinci kuma kada a tsayar. Zafin jiki in ya kai 38, a ba da parasitamol gwargwadon nauyinsa, a je a yi gwajin maleriya, kada a yi ta canki-canki. In ya ƙi shan komai, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi laushi, ko ya shaƙi ruwa yana ta tari da numfashi sama-sama, asibitin nan da kika tambaya a waya za ku nufa, ko ƙarfe nawa ne.

9. Ranar dawowa

Ki haɗa kaya tun dare, jiƙaƙƙu a leda daban. Da safe a yi fitar ƙarshe gajeriya, a yi wanka, a ci abinci, a bar ɗaki kafin sha biyu. Jirgin dawowa ki ɗauki na yamma, amma ku kama hanya kamar na azahar ne, zaman jira a filin jirgi ya fi zaman zullumi a kan gada. Kafin ki miƙa makulli ki sake durƙusawa ki leƙa ƙarƙashin gado, can 'yartsanar barci take ɓuya. Bayan kun koma gida kuma ki sa ido mako biyu zuwa uku, in zazzaɓi ya taso ki gaya wa likita inda kuka je. Jaka kuwa ki zazzage ta a tsakar gida, ba a kan kafet ba.